Yadda Na Gyara wa Bijimi Ƙafafu

Ni dai tun tasowata abu bai taɓa lalacewa a hannuna na kira wani ba. Keken ɗinkina ya girmi duk 'ya'yana, kuma har yau babu makaniken da ya taɓa leƙa cikinsa. Famfo in ya yi ɗigo ni ce, ƙofa in ta yi kuka ni ce, fanka in ta tsaya ni nake hawa kujera da sukudireba a baki. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk benen nan da muke haya, daga ƙasa har sama, an san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa in abu ya ƙi. To wannan sunan ne na ɗauka da hannuna na kai filin ajiye motoci na zubar, a gaban jama'a, har da lasifika.

Jikata ce sila. Sunana aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Takwara, kuma ba sunan kaɗai ta ɗauko ba, har da taurin kan. Tana da wata motar wasa irin wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot, jikinta bai fi kwalin takalmi ba, amma kowace taya ta kai murfin tukunya. Bijimi take ce mata. Duk Asabar yara da wasu ƙatti marasa aikin yi suna taruwa a filin ajiye motoci na bayan babban kanti, su kafa tudun katako, su jera gwangwanaye, motocin su yi ta tashi sama suna dira. Wanda tasa ta dira a kan ƙafafunta ta wuce, shi ne gwani. Takwara ta yi ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya har ta kai zagayen ƙarshe.

Ubanta, ɗana na fari, wanda muke ce wa Akawu saboda aikin ofis, ba ya ƙaunar wannan harka ko kaɗan. Ya ce yau taya, gobe batir, jibi wani ƙarfe, karatu kuwa yana can kwance. Da ƙyar, da ni a tsaye a kansa, ya sayo mata sababbin shokozoba, ya kuma kafa sharaɗi a gabana: in ta sake karya motar nan, za a sa motar a kwali a ɗora saman kabad, an gama wasa. Takwara ta ce ta yarda. Ni ma na ce na yarda, duk da ba a tambaye ni ba.

Ana gobe gasar, kafin ta tafi makaranta, ta shigo ɗakina da kayan, don nan ne kaɗai ƙannenta ba sa shiga sai da izini. Ta baje su a kan teburin ɗinkina. Shokozoban guda huɗu ne, kowane kamar ɗan yatsa, bututu da sanda a ciki da sifirin, wato wayar ƙarfe mai lotsawa, a nannaɗe. Ta yi mini bayani wai su ne gwiwoyin motar, man da ke cikinsu shi yake shanye dirar don kada ta yi tsalle ta kife. Ta ɗiga musu mai daga wata 'yar kwalba da ba ta fi ta maganin ido ba, ta ɗan motsa sandunan sama da ƙasa, sannan ta huda kwali ta tsayar da su a jere, bakinsu a buɗe. Wai sai kumfar iska ta gama tasowa, in ta dawo ta rufe ta ɗaura.

"Kaka, don Allah kar ki taɓa," in ji ta tana saɓa jaka. "Kar ki matsar, kar kuma ki rufe."

Na ce mata ni da na aurar da 'ya'ya me zan yi da kayan wasan yara.

Ta tafi. Na zauna ina kallonsu suna kallona. Ni a ɗakina ba a barin abu a buɗe. Ruwa da murfi, gishiri da murfi, ko allura na gama da ita sai na mayar da ita gidanta. Ga mai har bututu huɗu baki a hangame, ga wani ƙuda yana ta kewayawa kamar an aiko shi. Na daure, na ɗinka hannun riga, na sake daurewa, daga ƙarshe na ɗauko ƙyalle mai tsabta na yafa musu a hankali. Bakin ƙyallen ya kama na farko, na farko ya ture na kusa da shi, kafin in ce wani abu duk sun kwanta, mai yana bin teburi yana ɗiga a kan yadin mutane. Na girgiza 'yar kwalbar, ko ɗigo babu.

Ina cikin gogewa sai ga Nas, maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, ta shigo karɓar rigar da na rage mata. Ta dubi teburi, ta dube ni, ta tambaya ko ɓarna aka yi. A nan ne ya kamata in ce e. Sai na ji bakina yana cewa da gangan na zubar, don man da aka sayar wa yarinyar nan ruwa ne zalla, ni zan zuba mata na gaske, kuma gobe za a ga motar da ba a taɓa gani ba. Nas kuwa magana ba ta kwana a cikinta, ko wuni ba ta yi. Kafin in wanke hannu labari ya sauka har ƙasa, sai ga Mai Agogo yana hawowa yana haki.

Mai Agogo wani tsoho ne mai shago a ƙarƙashin matakala, kuma ba ma shiri da shi tun ranar da ya ce agogon bangona ya mutu, na ɗaka wa agogon duka ya tashi. Ya tsaya a bakin ƙofa, tabarau a kan hanci, ya ce wancan man na musamman ne, akwai shagon da ake sayar da shi a can ƙarshen gari, in na yarda zai aika a sayo kafin yarinya ta taso.

"Mai dai mai ne," na ce. "Wanda ya riƙe kekena tun kafin ka fara furfura ba zai kasa riƙe motar roba ba."

"Hajiya, keke daban, wannan daban."

"Kai da ka yi wa agogona jana'iza yana da rai, kai ne za ka koya mini aiki?"

Ya ce to, shi dai yanzu ɗan kallo ne, ya jawo kujera ya zauna.

Nas ta kawo sirinji. Na zuƙi man keke na ɗura musu, na rufe, na ɗaura su a jikin motar. Wannan kam ban sha wuya ba, noti ne da sukuru, kuma na ga inda tsofaffin suka fito. Muka fito da Bijimi lungun bene don gwaji, matan sama da na ƙasa suka leƙo da yara a goye. Na riƙe rimot yadda na ga Takwara tana riƙewa, na danna da ƙarfi don motar ta san an canza direba. Ta zabura ta yi baya, ta bi ta kan yatsun Mai Agogo. Na danna ɗaya gefen, ta yi gaba, ta taka bakin tabarmar ƙofar Nas, sai ta hau tsalle kamar kwaɗon da ya ji ruwan zafi. Tsalle yana haifar tsalle har ta kai bakin matakala. Ina ta ce mata ta tsaya, na manta tsayawar a hannuna take. Ta gangara tana gaisawa da kowace matakala da ƙeya, ta ƙare a kwandon wankin matar ƙasa, tayoyi a sama suna juyi da safar wani a maƙale.

Mai Agogo ya ce in dai gasar sauka daga bene za a yi gobe, mun riga mun ci kofi. Na ce masa ai gwaji ke nan, kuma na gano ciwon, man ne ya yi ruwa. Ya ce ya ji kamar abin da na faɗa ke nan a kan na farkon. Na ce masa mutum in ya zo kallo da ido ake yi.

Na saɓa mayafi na nufi garejin bakin titi, wurin makaniken da nake yi wa matarsa ɗinki. Na ce ya ba ni man da ya fi kowane kauri a garejin. Ya tambaye ni wace irin mota ce. Na ce mai manyan taya ce, aikinta hawa tudu. Ban yi masa ƙarya ba. Ya cika mini gwangwani da man giyar tirela, baƙi wuluk, mai kauri kamar zumar da ta kwana a firij, ya ce in gaida direban. Wari kuwa, ina shigowa da shi ɗaki ƙudan nan ya tattara ya fita.

Na kwance shokozoban, na zubar da man keken. Sirinji ya ƙi zuƙar sabon man, sai da na koma da bayan cokali. Na cika kowane bututu har baki, na danna da yatsa, na ƙara. Mai Agogo, da aka ce ya yi shiru, ya ce in bar ɗan wuri, sandar tana bukatar inda za ta shiga. Na ce ni ban taɓa miƙa wa mutum kwano rabi ba, ba kuma zan fara rowa a kan jikata ba. Murafan suka ƙi zama. Na sa filaya, na cije leɓe, na murɗa. Uku suka yi biyayya. Na huɗun ya ce ƙas, murfin ya tsage, baƙin mai ya tsarto ya sauka a farar rigar aikin Nas. Ta buɗe baki, na ce ta rufe, ni zan wanke.

Tsagewa ba ta taɓa ba ni tsoro ba, aikina ke nan. Na ɗauko zaren da nake ɗinka jaka da shi, na naɗe murfin, na naɗe wuyan, na yi masa ƙullin da ko haƙori ba ya kwancewa. Da na duba sai na ga ɗaya da zare uku babu, abin bai yi kyau ba, ni kuwa ba na aikin da hagu ta bambanta da dama. Na naɗe sauran ma. Ina cikin haka idona ya faɗa kan wasu 'yan zobba da ke saman kowane sifirin, masu murɗuwa, an bar su sako-sako a tsakiya. Na ce ka ga aikin 'yan zamani, a sayar maka da abu ba a ɗaure ba. Na murɗe su har ƙarshe, sai da sifirin ya daina numfashi.

Da na mayar da su jikin motar na ajiye Bijimi a ƙasa, sai ga ta ta miƙe ƙyam kamar soja a fareti. Da can in ka ɗora mata yatsa sai ta lotsa kamar tsohuwar katifa. Yanzu na danna da tafin hannu, ko gezau. Na kira Nas ta danna, ta ce kamar bulo. Na ce madalla, abin da ake nema ke nan.

"Hajiya," in ji Mai Agogo, "ke in kika diro daga kan kujera ba ki lanƙwasa gwiwa ba, me zai same ki?"

"Ni ba na dirowa daga kujera. Sauka nake yi kamar mai hankali."

Gwaji na biyu bai yiwu ba, batir ya mutu, matar ƙasa kuma ta ce in motar ta sake sauko mata ba za ta koma sama ba. Abin da ya rage shi ne zaren nan da ya fara jiƙewa da baƙin mai, yana tona mini asiri. Na hau keke, na yanka ragowar wani jan yadi mai sheƙi, na ɗinka wa kowane shokozoba ɗan wando da roba sama da ƙasa. Wallahi sun yi kyau. A duk aikin ranar, shi ne kaɗai ba wanda ya kushe.

Takwara ta dawo ta tarar da motarta a haɗe, cikin jan wando. Ta tambaya wa ya ɗaura, na ce ni, don in hutar da ita. Ta danna motar, ta sake dannawa, ta shinshina yatsanta. Ta tambaya wane mai ne a ciki, na ce mai kyau. Ta kai hannu za ta ɗaga wandon, na yi mata irin hararar da har yau take mayar da ubanta yaro, na ce sabon takalmi ma da tauri yake zuwa. Daidai nan Akawu ya leƙo ya ce ta ajiye wannan shirme ta ɗauko littafi. Ta sa batir a caji, ta ce ba komai, gobe akwai zagayen gwaji kafin a fara.

Zagayen gwajin kuwa ni na sa muka rasa shi. Na gayyaci rabin bene, na tsaya guga, na canza mayafi, aka jira Nas, aka jira Mai Agogo ya rufe shago, don na rantse sai ya gani da idonsa. Muka cunkusu a motar Akawu, sauran suka biyo mu a tasi. Muna isa ana kiran sunayen motoci.

Filin ya cika. An ja igiya an kewaye, ga tudun katako, ga gwangwanaye a jere, ga teburin alƙalai da lemo a kai. Wani mai ƙaton tumbi da farar riga yana riƙe da lasifika. Da ya ga jan wandon Bijimi sai ya yi dariya ya tambayi wa ya yi mata kwalliya. Na ratsa mutane na je gabansa. Na ce ba kwalliya kaɗai ba, abin da ke cikin wandon ma duk aikina ne, mai da ɗauri da komai, ko yarinyar ba ta sa hannu ba. Ya ɗaga lasifika ya sanar wa duniya cewa yau Bijimi ta zo da sabon injiniya, kakar direba da kanta. Aka yi tafi. Na ga kamar na can baya ba su ji ba, na sa ya maimaita. Na ɗaga hannu ina amsa gaisuwa. Takwara tana kallon takalminta.

Aka busa usur. A shimfiɗaɗɗen wuri Bijimi ta bar su duka a baya, na juya ina neman idon Mai Agogo. Da ta hau gwangwanaye sai ta fara karkarwa tana ɗan tsalle-tsalle kamar mai tafiya a kan ƙaya, amma Takwara ta cije ta riƙe ta, yarinyar nan akwai hannu. Sai babban tudun. Bijimi ta hau, ta tashi sama, ta fi kowace mota nisa, jan wandon yana walƙiya a rana. Wannan ɗan lokacin nawa ne, ba mai ƙwace mini shi.

Sannan ta sauko, kamar an jefo tukunyar ƙarfe daga saman bene. Tsagaggen murfin nan da na naɗe ya fashe, baƙin mai ya yi feshi a farar rigar Mai Lasifika daga wuya har cibiya. Motar ta koma sama, ta yi alkafura, taya ɗaya ta ɓalle da wandonta ta nufi ƙofar kanti ita kaɗai. Sifirin ya yi tsalle ya faɗa kofin shayin wani alƙali. Abin da ya rage na Bijimi ya shige ƙarƙashin teburi, ya ɗauke masa ƙafa, kwalaben lemo suka bi ƙasa suna gangarawa.

Mai Lasifika ya manta bai kashe abin maganarsa ba, duk muka ji yana tambayar wa ya shigo da tirela wurin nan. Wani yaro ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Ƙattin nan suka taru a kan gawar motar, ɗaya ya kama bakin zarena yana ja, yana ja, zare ya ƙi ƙarewa, ya tambaya ko motar tsere ce ko saƙa ake yi mata. Mai Agogo kuwa tabarau kawai ya cire yana gogewa a hankali, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fara ja da baya, ina lissafin inda Akawu ya ajiye mota. Sai na hango Takwara a durƙushe tana tsince ɓaraguzan cikin kwali. Ba ta kuka, da ma ta yi. Ubanta ya tsaya a kanta, ya gyara murya, ya ce to, ta dai san sharaɗin da aka yi.

Ƙafafuna suna son mota, amma na juyo da su.

"Wane sharaɗi?" na ce.

"Mama, ai a gabanki aka yi. In ta sake karya motar, an gama."

"Ita ta karya? Kai kurma ne? Har sau biyu aka faɗa da lasifika."

Na juya ga jama'a, na ɗaga murya, na tambaye su wa ya yi wannan aika-aika. Suka amsa baki ɗaya kamar 'yan aji, har da Nas, har da alƙalin da ke tsamo sifirin daga shayi: Kaka. Tun da nake ban taɓa jin an haɗu a kaina haka ba.

"To ka ji," na ce wa Akawu. "In akwai wadda za ka sa a kwali ka ɗora saman kabad, ga ni. Zo ka ɗauka."

Ya dubi mutane, ya ga wayoyi a sama ana ɗaukarmu. Ya yi ƙasa da murya ya ce mu bari sai mun je gida. Na ce a nan aka yi ɓarnar, a nan za a gama maganar. Ya sosa ƙeya, ya dubi 'yarsa, ya dubi sama, daga ƙarshe ya matsa kusa da Mai Agogo ya tambaye shi ta ina ake bi zuwa shagon nan na ƙarshen gari, kuma ko suna buɗewa yau.

Muka kama hanyar komawa. An sauke gilasai duka saboda warin man giya. Takwara tana gefena da kwalin a cinya, tana juya ɗan jan wando ɗaya a yatsa. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in sababbin sun zo za ta sake bukatar teburina. Na ce teburi nata ne, ko yaushe.

"Amma ranar, Kaka, za ki tafi gidan Gwaggo ki wuni."

Akawu ya ƙura wa titi ido. Nas ta ga wani abu mai muhimmanci ta taga. Mai Agogo ya kama tari. Na gyara mayafina, na ce dama ina da niyyar zuwa, na kwana biyu ban leƙa 'yar tawa ba.